Taraktar Baba Mai Sitiyari Uku

Duk wanda ya bi hanyar ƙauyen Holterveen da safiyar Asabar zai ji Lammert Oosting tun kafin ya gan shi. Ba muryarsa za ka ji ba, don shi mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron ta da jariri. Injunansa ake ji. Wani na tari, wani na atishawa, wani ya buga sau ɗaya ya yi shiru har ka ɗauka ya mutu, sai ka kai kofi baki ya sake bugawa.

Shekara talatin da ɗoriya Lammert ya yi yana tuƙa tankar madara, yana bi gona-gona yana kwasowa, kuma aikin nan ne ya lalata shi. Duk gonar da ya shiga, kafin famfo ya gama zuƙe madara shi ya riga ya zaga bayan garke, ya ɗaga buhu, ya ture ciyawa, ya gano abin da kakan mai gidan ya jefar tun lokacin da aka jawo lantarki. A zamanin nan manoma har godiya suke yi in an raba su da tarkace. Da haka ya tara injunan da ake girkewa wuri ɗaya iri-iri, na ban-ruwa, na sussuka, na yankan katako, na niƙan abincin dabbobi, ga kuma tsofaffin taraktoci huɗu ko biyar, ya danganta da ko za ka ƙirga wadda ba ta da ƙafafu.

Matarsa Aleida ta daɗe da daina tambaya. Sau ɗaya tak ta taɓa bin sa bikin injuna. Ta tsaya gaban injin da ya fi ƙauna a duniya, wani baƙi mai manyan wili biyu da yake kira Gwaggo, ta zuba ido tana kallo yana ɗebo ruwa daga baho yana mayarwa cikin bahon nan dai. Da ta gaji ta tambaye shi ina ruwan za shi. Ya ce ba ya zuwa ko'ina. Ta ce to ita tana da wurin zuwa, ta hau kekenta ta koma gida.

Amma abin da aka fi sanin Lammert da shi ba Gwaggo ba ce. Taraktar babansa ce, wadda ba ya da ita. Yana ɗan shekara biyar tsohon ya sayar da gona, aka yi gwanjon komai tun daga shanu har bokiti, iyali suka koma cikin gari, tsohon ya kama aiki a masana'antar sitacin dankali. Abin da Lammert ya fito da shi daga wannan gona a cikin kansa shi ne wata jar tarakta ƙatuwa, tayarta ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, hayaƙinta har yana rufe rana. Tun yana saurayi ya sha alwashin sai ya nemo ta. Babu taron da zai je bai ba da labarinta ba. Ya je Jamus saboda ita, ya je Beljiyam. Duk jar taraktar da aka nuna masa sai ya zagaye ta, ya dafa bonet, ya rufe ido, can ya girgiza kai. In aka tambaye shi yadda zai gane ta, tunda ba hoto ba lamba, sai ya ce jikinsa zai gaya masa.

A ƙungiyarmu ta masu tsofaffin ƙarafa akwai wata doka da ba wanda ya rubuta. Ɗan ƙungiya ba ya sayar wa ɗan ƙungiya kayan gyara. In kana da abin da wani ke nema sai ka ba shi, wata rana shi ma ya ba ka. Abin da aka bayar kuwa ya bayu. Da mutum ya dawo ya ce a maido masa da fistin ɗin da ya bayar, gara ya zagi uwarka a ƙofar coci ranar Lahadi. In dole ta kama, sai dai a yi musaya, kuma mai nema ba ya ciniki. Abin da mai kaya ya nuna da yatsa a rumfarka, shi za ka ɗauko masa.

Shi ya sa kowa ke ajiye abin yanka, wato matacciyar tarakta da ake cire wa kaya ana rayar da wasu. Ta Lammert ta fi ta kowa albarka. Wata 'yar ƙarama ce mai ruwan toka, irin wadda ta cika ko'ina bayan yaƙin duniya na biyu, ya saye ta wurin wani ɗan gwangwan tun gashin kansa na baƙi, ya tura ta bayan rumfa ƙarƙashin bishiyar tuffa. Da yake irinta ce kusan kowa ke da ita, babu ɗan ƙungiyar da bai ci daga jikinta ba. Wannan ya kwance lagireto, wancan kafireta, wani bonet, wani kujera. Lammert kuwa ba ya hanawa. Shi da kansa yake kawo sifana, ya taka wani ɗan ƙarfe da ke liƙe a gefenta na hagu, ya hau ya kwance maka. A ƙarshe abin da ya rage bai wuce ƙashin baya da gatari, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya, ba, ciyawa mai ƙaiƙayi ta rufe sauran.

Ranar da abin ya fashe, ranar zagayowar haihuwar Aleida ce, a kaka. An jera kujeru an yi da'ira a falo kamar kullum, kofi na zagayawa, kowa da yankan kek a cinya. Cikin baƙi har da yayarsa Fenna, wadda ta girme shi da kusan shekara goma. Mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a garin Assen, kuma duk zuwan da take yi gidan nan iyakarta kicin da falo, ba ta taɓa taka hanyar rumfa ba. Lammert ya fara yi wa wani maƙwabci bayanin yadda magineto ke ba da wuta. Fenna ta ajiye kofinta, ta ce bari ta je ta tsinko tuffa. Ta jima ba ta dawo ba. Da ta shigo babu tuffa a hannunta, ƙafafunta duk sun yi ja da ƙaiƙayi, ta tsaya a tsakiyar da'ira.

“Lammert, me taraktar Baba take yi tsirara a cikin ciyawa?”

Ya yi dariya irin ta wanda ya san abin da yake faɗa. Ya tuna mata cewa ta Baba ja ce, ƙatuwa, wannan kuwa abin yanka ce da ya saya wurin ɗan gwangwan.

“Jar ta gidan Meijering ce, maƙwabtanmu,” in ji ta. “Kullum kana maƙale a shingensu da majina a hanci kana kallo. Tamu toka-toka ce, 'yar ƙarama. Kai ne ba ka da tsawo, auta, shi ya sa komai ya yi maka girma. Taso ka gani.”

Ya bi ta, baƙi suka bi su da kek a hannu. Ta ture ciyawa da sandarta ta nuna ɗan ƙarfen nan na gefen hagu, wanda yake takawa in zai hau. Ta ce ya duba da kyau. Guntun kan gadon kakarsu ne, ga zanen furen nan bai goge ba. Baba ne ya yanke shi ya liƙa da hannunsa, saboda lokacin da ciwon baya ya kwantar da shi ita ce ke yin huɗa, kuma ƙafarta ba ta kai ta hau ba. Lammert ya durƙusa ya goge tsatsa da babban yatsa. Ga fure. Ya kuma tuna sau nawa ya tsine wa wanda ya yi wannan walda, ya ce ko makaho ya fi shi hannu.

Ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya masa ba. Ta ce ya taɓa tambaya ne? Ita da ya buɗe baki da maganar inji take fara tunanin abin da za ta dafa gobe, ba ta taɓa jin ƙarshen labarin ba balle launin taraktar.

Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. A tsaye a wurin ta ba su labarin yadda ita ce ta tuƙa taraktar zuwa filin gwanjo, don Baba ya ce ba zai iya ba, ta miƙa ta ga baƙo ta dawo gida a ƙafa. Sannan ta juyo kan ƙanenta. A watan Afrilu za ta cika tamanin. Ba ta son fure, ba ta son kek. Tana son ta hau taraktar nan ta tuƙa daga ƙofar gidansa zuwa gadar tsohuwar gonarsu.

“Ba mai kama da ita ba,” ta ce. “Ita. Ka mayar mata da kayanta.”

Kwana da kwanaki Lammert na yawo a gida kamar wanda aka canza wa ƙofofi. Sai ya tsaya da cokali a hannu ya manta baki. Da ya rufe ido jar tarakta yake gani, da ya buɗe ya leƙa taga sai ya ga ƙashin baya a ciyawa. Aleida ta ce masa ko dai ya tashi ya fara, ko kuma ya buga wa Fenna waya ya ce ba zai iya ba. Ya auna biyun, ya ga fara aikin ya fi sauƙi.

Ya fara da Tammo, tsohon ma'aikacin gidan waya, siriri mai tsawon wuya, wanda ya tabbata shi ya ɗauki lagireto. Ya zauna a kicin ɗinsa ya sha kofi, ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar farashin dankali, ya sake shan kofi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi yana kallon ƙasa. Tammo ya shanye kofinsa. Can ya ce ya san doka dai ko? Lammert ya ce ya sani. Washegari Tammo ya zo rumfa da lagireto a bayan keke, ya zagaya yana shafa haɓa, ya nuna ƙaramin injin yankan katako da Lammert ya ɓata damina biyu yana gyarawa.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama lardi, cewa Lammert Oosting na ba da lafiyayyun injuna yana karɓar tarkace, in dai daga jikin abin yankarsa suka fito. Nan fa kowa ya tuna ya taɓa kwance wani abu. Mutanen da Lammert bai taɓa gani ba suka riƙa tsayawa a ƙofar gida da tirela. Wasu gaskiya suke faɗa. Wasu sun yi imani gaskiya suke faɗa. Wani ya kawo kujera ya ce daga Lammert ta tafi wurin surukinsa, daga can ta je wurin wani Bajamushe, ya bi sawu ya karɓo ta, ga ta. Lammert ya juya ta ya sake juyawa. Kujerar ƙarfe ce mai huji-huji, kamar sauran dubbai irinta. Ya kasa cewa ita ce, ya kasa cewa ba ita ba ce, in kuma ya mayar da ita alhali ita ce fa? Ya karɓa, injin niƙa ya fita.

Da farko Aleida murna take yi, don a karon farko tun aurensu ta ga ƙasan rumfar, ashe ma siminti ne. Murnar ba ta daɗe ba. Injuna masu aiki na fita ta ƙofa, tsatsa na shigowa. Kafin Kirsimeti Lammert na da tankin mai biyu, bonet biyu da rabi, ƙafafun gaba da suka isa tarakta biyu, da sitiyari uku, kowane da mutumin da ya dafa ƙirji ya ce da hannunsa ya kwance shi a ƙarƙashin bishiyar tuffa.

Ya loda sitiyarin uku a mota ya kai wa Fenna har Assen. Ta sa ya jera su a kan teburin cin abinci, ta zauna ta rufe ido ta kama kowane tana juyawa. Ta ce na farko kaurinsa daidai ne. Na biyu kuma ga tsagar nan da ke cizon tafin hannunta in an yi sanyi. Na uku ta kai shi hanci ta ce ƙamshinsa ne sak. Lammert ya ce to wanne zai ɗaura. Ta ce shi ne bakanike, ita direba ce, ya ci miyarsa kafin ta huce.

Taron ƙungiya na watan Janairu, a rumbun Wubbo Hadders, bai taimaka masa ba ko kaɗan. Wubbo tsohon maƙerin ƙauye ne, mai tumbi da dariyar da ke sa kwanon rufi rawa, kuma shi ne ya ɗauki injin taraktar ɗungurungum tun shekaru da yawa, ya sa a cikin tasa da yake yankan ciyawa da ita. Ana shan miyar wake sai Wubbo ya ce shi bai ga abin wahala ba. Tarakta ai inji ce, sauran riga ne da wando. Saboda haka taraktar marigayi Oosting tana gidansa tun tuni, lafiyarta ƙalau, Fenna ta zo ta hau. Tammo ya ce ƙarya ne, tarakta ƙashin baya ce, inji ana canza shi kamar haƙoran roba. Wani ya ce akwatin giya ne. Da aka ambaci akwatin giya sai Lammert ya ajiye cokali, domin ya tuna shi da kansa ya cire shi ya sa a cikin taraktar da yake zuwa biki da ita, wadda har ta ci masa kofin gasa. Kenan shekara da shekaru yana zaune a kan wani yanki na taraktar babansa yana zagaya filin biki, yana riƙe da makirufo yana roƙon jama'a duk wanda ya ga taraktar babansa ya sanar da shi.

Tammo kuma ya ƙara masa da wata. Ya ce kada a manta, tsakanin gwanjo da ɗan gwangwan taraktar ta yi shekara ashirin a hannun wasu, su ma suna canza mata kaya. Saboda haka ko an tabbatar wani abu daga ƙarƙashin tuffa ya fito, ba lallai tsohon ya taɓa ganin sa ba. Lammert ya tambaya a hankali, to me yake tarawa kenan tun kaka? Wubbo ya tura masa kwandon burodi.

Duk da haka ba tarakta sai da inji, kuma injin yana wurin Wubbo. Lammert ya ja ƙafa har Fabrairu, don ya san abin da yatsan Wubbo zai nuna. Ranar da Wubbo ya zo rumfa bai ma yi wahalar zagayawa ba. Ya wuce kai tsaye ya dafa Gwaggo.

“Maƙwabci, ka dubi Allah,” in ji Lammert. “Ga injin sussuka can, ga tarakta sukutum. Ɗauki biyu.”

“Au, ciniki muka fara?” Wubbo ya ce. “Ni ba na neman komai, kai ke nema. Injina yana aiki, ciyawata na yankuwa. In ka fasa, sai in je in gaya wa Fenna ka zaɓi Gwaggo a kan Yaya.”

Lammert ya tsaya yana kallon baƙin injin. Daga cikin kwata ya tono shi, rabinsa a laka, ya yi shekaru kafin ya sa shi numfashi. Ya san shi ciki da waje, babu noti ɗaya a jikinsa da yake shakka. Ga shi zai ba da shi don ya karɓi injin da wataƙila na babansa ne, wataƙila na wani baƙo ne da ya sa a tsakani, don ya ɗora a kan taraktar da shi bai tuna da ita ba sam. Ya je ya ɗauko sarƙa da kansa. Da suna ɗora Gwaggo a tirela ya gaya wa Wubbo ya riƙa zubar mata da ruwa kafin sanyi ya daskarar da shi, ya maimaita har sai da Wubbo ya ce ya ji, ba amarya yake ɗauka ba.

Daga nan Lammert ya shige rumfa ya yi abin da ya iya. A nan kaɗai kansa ke daidai. Inda kaya suka zo biyu, sai ya ɗauki wanda ya fi shiga ba gardama. Sitiyari kuwa ya rufe ido ya damƙi ɗaya. Injin ya kwance shi kaf, ya wanke, ya canza zobban fistin, ya goge bawul, ya daidaita wuta. Bai yi fenti ba, don Fenna ta ce kada ya kuskura. Da Afrilu ya kama, taraktar na tsaye a tsakar gida, bonet launi ɗaya, tanki wani launi, ƙafafu wani, kamar an ɗinka ta da ƙyallaye. Amma in ka ta da ita, sai ka rantse keken ɗinki ne.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Rabin ƙungiya sun hallara, wasu don zumunci, wasu don su ga kayansu. Ɗiyar Fenna ta kawo ta da mota. Fenna ta fito da ɗankwali ɗaure a haɓa da takalman roba, ta zagaya taraktar a hankali, ta miƙa wa Aleida sandarta, ta taka guntun gadon kakarsu ta hau ba wanda ya taimake ta. Lammert ya murɗa hannun tayarwa. Bugu ɗaya ta kama, tana ƙara siririya mai daɗi. 'Yan ƙungiya suka gyaɗa kai, wanda a wurinmu shi ne tafi.

Fenna ta saurara, ta karkata kai. Sannan ta sa hannu ta kashe.

“Ba ita ba ce.”

Lammert ya matso kusa. Ya fara lissafa mata, ga inji daga Wubbo, ga giya, ga lagireto. Ta ce ita ba ta san wannan ba. Ta Baba tana da tari. Takan yi bugu uku lafiya, a na huɗu ta yi kamar ta shaƙe, sannan akwai wani ƙwas-ƙwas daga ƙasa, wajen ƙafar dama. Da wannan ƙarar Mama ke sanin ta kusa gida ta ɗora dankali. Wannan kuwa muryar baƙuwa ce.

Wubbo ya fashe da dariya har yana riƙe tumbi. Ya ce tabbas injin na da tari, shekara da shekaru yana yi masa shi a gona, bai taɓa damuwa ba. Ashe tarin ne gadon, Lammert kuma ya bi shi da sifana ya kashe. Wannan ya tabbatar injin na tsohon ne, in ji Wubbo, sai dai an warkar da shi fiye da kima. Tammo ya matso kunnen Lammert ya tambaya ko abin ƙara ji da ke kunnen Fenna a kunne yake ma. Fenna ta ce a kunne yake, Tammo, kuma ta ji.

Abin da ya biyo baya, ba a taɓa ganin irinsa a ƙungiyar nan ba. Dattawa da suka ƙarar da rayuwarsu wajen kawar da tari daga injuna suka naɗe hannun riga suna neman yadda za su dawo da shi. Aka ta da ita. Wubbo ya kama kafireta yana rage mai. Fenna daga sama ta ce wannan atishawa ce, ba tari ba. Tammo ya ja wuta baya kaɗan, ta ce yanzu kuma kamar ta Meijering. Wani ya sassauta salansa, wani ya ciro fulogi ɗaya ya shafa masa baƙin mai ya mayar. Lammert na tsaye da sifana a hannu, duk notin da aka sassauta sai ya ji kamar a haƙarƙarinsa ne. Sau biyu hannunsa ya kai zai ɗaure abin da aka kwance, Aleida ta buge hannun. Daga baya shi ma ya durƙusa wajen ƙafar dama yana neman ƙwas-ƙwas, yana kwance abin da bai ma san dalilin kwance shi ba. Hayaƙi ya koma baƙi. Kajin maƙwabta suka bar unguwa.

Ana cikin haka, hannaye kusan shida a cikin inji lokaci guda, kowa na murɗa nasa, sai taraktar ta yi bugu uku, ta shaƙe, wani abu a ƙasa ya ce ƙwas.

“Tsaya,” in ji Fenna. “Ku cire hannuwanku.”

Kowa ya ɗaga hannu sama kamar an zo kame. Bugu uku, shaƙewa, ƙwas. Bugu uku, shaƙewa, ƙwas. Fenna ba ta kalli kowa ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta taka kuloci, ta sa giya ba tare da ta duba ba, ta fita ta ƙofar gida ta karya dama. Suka bi ta a baya, wasu a keke wasu a ƙafa, don gudun bai fi na mai zuwa coci ba. Lammert na tafe yana tambayar na kusa da shi, kai me ka murɗa a ƙarshe? Wubbo ya ce shi yana jin ya mayar da mai inda yake. Tammo ya ce shi sifanarsa ma ba ta kama notin ba, zamewa take yi. Na ukun ya ce shi ya ɗauka ɗaurewa ake yi, ba kwancewa ba. Shi kansa Lammert ya kasa tuna ko hagu ya juya ko dama.

A kan gada ta tsaya ba ta kashe ba. Ta daɗe tana kallon gonar, wadda yanzu masara ce ta wani daga wannan gefe har wancan, ba gida ba garke. Ba wanda ya matsa kusa. Sannan ta juya taraktar a ɗan wurin nan da ko mota sai ta yi baya sau biyu, ta dawo.

A tsakar gida Lammert ya kai hannu zai kashe, Wubbo ya riƙe shi. Ya ce in ta mutu ta huce, wa ya san ko tarin zai dawo, tunda ba wanda ya san inda ya fito? Aka bar ta tana yi. Aleida ta fito da tukunyar miya, aka ci a tsaye ana magana da ƙarfi saboda ƙara, Fenna kuwa a kan kujerar ƙarfe aka miƙa mata nata kwanon, ta ce daga yau duk wanda ya sake kusantar injin nan da sifana sai ta karya masa yatsu, ta fara da auta.

Can Lammert ya leƙa tanki ya ga mai ya kusa ƙarewa. Ya shiga rumfar da ta zama fili, ya ɗauko jarka ya dawo ya tsaya. In ya zuba, injin zai ci gaba da cin kansa a gabansa, yana jin kowane ƙwas a cikin haƙoransa. In bai zuba ba za ta mutu, kuma wataƙila gobe ta tashi da muryar baƙuwa. Yana nan tsaye da jarka a hannu, murfi a ɗaya hannun, yana kallon Wubbo, Wubbo na kallon miyarsa.

Fenna ta miƙa wa Aleida kwano ta goge baki.

“Zuba mana, me kake jira? Zan sake zagayawa.”